Matan tatsuniyoyin Girka: me aka tono a ƙasa?

Ɗalibar Legon, daga Madina:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman haske. Tatsuniyoyin Girkawa cike suke da mata: Penelope mai saƙa, matan da aka kamo a yaƙin Troy, Amazon, wato ƙabilar mata mayaƙa. Shin masu tonon kayan tarihi sun samu hujja kan yadda matan zamanin suka rayu, ko duk zancen mawaƙa ne?

Malamin tarihi, Nima:
Wa alaikumus salam, 'yata. Fara da allunan yumɓu na fadar Pylos a kudancin Girka. Carl Blegen ya fara tono su a 1939, Michael Ventris kuma ya warware rubutunsu, Linear B, a 1952. Lissafin fada ne zalla, kuma gobarar da ta cinye fadar wajen shekara ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ita ta gasa yumɓun har ya kawo yau. An ƙidaya mata ma'aikata kimanin 750 tare da yaransu: masu niƙa, masu kaɗi, masu kai ruwan wanka. Rabon kowace mace a wata alkama kimanin lita 19 da ɓaure daidai haka, yaro kuma rabi. Wasu an kira su da sunan inda suka fito, Miletus, Knidos, tsibirin Lemnos, wasu kuma kai tsaye "kamammu". Su ne suka fi kusa da bayin da mawaƙa ke ambata, kuma sun fi sarauniyoyi cancantar a yi nazarinsu. Akwai kuma Eritha, mai hidimar ɗakin bauta, wadda aka rubuta jayayyarta da jama'ar gari kan matsayin filinta. Helen dai, wadda tatsuniya ta ce saboda ita aka yi yaƙin Troy, ba ta cikin allunan.

Baban Aboabo, Kumasi:
Ƙanwata, game da saƙa: itacen masaƙa da zare sun ruɓe, abin da ya rage shi ne duwatsun yumɓu masu huda da ake ratayawa a ƙarshen zaren tsaye, da kuma nauyin mazari. A auna nauyi da kaurin kowanne. Mai nauyi na zare mai kauri ne, domin siriri zai tsinke. In an same su a jere a ƙasa, nan masaƙar ta tsaya. Sai dai kayan aiki ba ya faɗin hannun da ya riƙe shi. A Bonwire, kusa da Kumasi, maza ke saƙa kente. Rubutu da zanen jikin tukwane ne suka tabbatar da mata a Girka.

Hajiya mai nazarin ƙasusuwa, Maamobi:
Babban kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne a ga takobi a ce namiji, a ga madubi a ce mace. Mayaƙin da aka tono a Pylos a 2015 namiji ne, ga madubi da mataji a kabarinsa. Ƙashin ƙugu ake dubawa, na mace ya fi buɗewa; na yaron da bai balaga ba kuwa ba ya rarrabuwa sai da gwajin DNA. Game da Amazon kuwa, ta haka aka gane mata masu kibau da masu a kaburburan Sikitiyawa, makiyaya mahaya dawakai na zamanin da, kamar mata huɗu na Devitsa a Rasha, 2019. Ki rubuta cewa Girkawa sun san labarin irin waɗannan mahaya, amma kada ki ce an gano daular mata zalla, domin maza ma suna cikin makabartun.