Ranar da aka tambaye ka "Asalinku ina ne?"

Jikan Mai Kuza: Salamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce na raka ɗana neman takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asalin wuri, saboda makarantar da yake nema ta ce sai da ita. A Jos aka haife ni, a Jos aka haifi mahaifina, kakana kuwa ya zo ne tun Turawa na haƙar kuza, nan kabarinsa yake. Ma'aikacin ya karanta sunan yaron, ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Asalinku ina ne?" Na ce nan. Ya ce a'a, asali nake tambaya. Na ce kakana daga ƙasar Kano ya taso. Sai ya turo min takardun, wai mu je can. Muka je, dagacin ya ce bai san mu ba, kuma da gaskiyarsa, ko gaisuwar sallah ba mu taɓa kai masa ba. A mota yaron ya ce, "Baba, to mu 'yan ina ne?" Na rasa bakin magana. Wanda aka taɓa yi wa wannan tambayar ya ba mu labari.

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam, Malam. Daga Kumasi nake. Ranar da na je yin katin ɗan ƙasa, wanda ke gabana a layi minti biyu ya gama. Ni ina faɗin sunana da unguwarmu sai tambaya ta ƙi ƙarewa: ina aka haifi kakarka, wane ne garinku na gaskiya. Sai da na juya baki na koma yaren Asante kafin fuskar mutumin ta saki. Kakanninmu fataken goro ne, ta Salaga suka biyo tun Gana ba ta ci wannan sunan ba. Tsofaffinmu ba su manta 1969 ba, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasar. Har kakata ta rasu, takardun haihuwarmu na cikin kwalla a ƙarƙashin gadonta, ba ta yarda kowa ya taɓa.

'Yar Sabon Gari: Baba, Allah ya ba da haƙuri, amma bari in faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Ni Ibo ce, a Sabon Garin Kano aka yanke min cibi. Abin da aka yi wa ɗanka a Filato shi aka yi min a Kano, kalma da kalma. A kasuwa ana yaba min, wai na iya Hausa kamar jakin Kano, amma da na nemi tallafin karatu aka ce in tafi jiharmu. A jihar tamu kuma 'yar Hausa suke kirana, suna dariyar yadda nake Ibo. Abin da ya fi min ciwo, ƙawata da muka tashi tare ta taɓa cewa, "Ai ke ba kamar sauran Inyamurai ba ce." A wurinta yabo ta yi.

Ɗan Tudu: Ni Birom ne, kuma ban shigo don musu ba. Malam, ban ce an kyauta wa yaronka ba, amma ka ji yadda abin yake a gidanmu. Gonar kakana yanzu kududdufi ce, ramin kuza ne da aka haƙa aka tafi aka bar mana. Ina firamare yara ke ce min arne, ni da nake zuwa coci duk Lahadi. Muna ciniki da Hausa, muna waƙar coci da Hausa, har ƙannena ba sa jin yarenmu sosai. To mahaifina yana ganin takardar nan ita kaɗai ta rage masa, don da ita ake samun gurbin aiki, da ita ake maganar sarauta da ƙasa. Tun da Babangida ya ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 kowane ɓangare ke ƙirga ɗan'uwansa. Kafin rikicin Jos na Satumbar 2001 maƙwabcinmu Alhaji na aiko mana naman layya, mu kuma mu kai musu shinkafar Kirsimeti. Bayan rikicin ya sayar da gidan ya koma cikin 'yan'uwansa. Shekaran jiya na hango ɗansa a Taminus, muka kalli juna, kowa ya yi kamar bai gane ba.

Bazazzagi: Ni takarda ba ta taɓa ba ni wahala ba, a Wusasa gidanmu yake. Tawa tambayar ita ce, "Bahaushe kuma Kirista? To wane yare ne kai?" Ba ni da wani yare. Wani lokaci sai in bar mutum da zatonsa, don na gaji da bayani.

Jikan Mai Kuza: Ɗan Tudu, na ji, kuma kalmar nan da aka kira ka da ita ni ma bakina ya faɗe ta ina yaro, ba zan ɓoye ba. 'Yar Sabon Gari, 'yata, maganarki ta hana ni barci jiya. Game da yaron, wani kawunmu ya tsaya mana a wajen dagaci, an ba shi takardar ranar Talata. Yanzu a rubuce shi ɗan wani ƙauye ne da sau ɗaya ya taɓa takawa, ya ma tambaye ni yadda ake rubuta sunan garin. Ke fa, da kika je jiharku, sun ba ki?