Wasiƙun kakana na yaƙi sun manne, ya zan raba su?

Salamu alaikum ƴan'uwa. Daga unguwar Birni nake, nan Damagaram. Bayan rasuwar gwaggona muka buɗe adakarta, sai ga wasiƙu goma sha ɗaya ƙunshe cikin tsohon kallabi. Kakanmu ne ya aiko su lokacin da Faransa ta ɗebe shi soja a yaƙin duniya na biyu. Ɗaya tana ɗauke da hatimin 1944.

Da ajami ya rubuta. Na kai wa malaminmu uku da suka rabu, ya karanta mana inda yake gaida Inna, yana tambayar ko gero ya yi, yana kukan sanyin ƙasar da ya hana shi barci. Wallahi sai da mahaifina ya share hawaye.

Sauran takwas ɗin ne matsalar. Danshin damina ya manne su wuri guda, gara kuma ta ci gefe. Na gwada da bakin reza, takardar ta fara ɓarɓashewa, tawada tana bin ɗaya shafin, sai na tsaya. Wani ya ce in kara su kan tururi, amma tsoro nake tawadar ta narke.

Don Allah wa ya san yadda ake raba irin wannan takarda ba tare da rubutun ya tafi ba? Mahaifina ya tsufa, ina so ya ji sauran.