Baz a Yamai ko a Lome, alhali iyali na Tawa: wanne ya fi?

Ɗan Adar:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin jirgin sama ciki da bai. Na gama horon PNC, wato ma'aikatan da ke kula da fasinjoji cikin jirgi, kamfani biyu sun kira ni. Na farko ƙarami ne, baz ɗinsa, wato garin da ake kama aiki a kuma ƙare shi, Yamai ne, zirga-zirgarsa ta cikin gida ce. Na biyu baz ɗinsa Lome, albashinsa ya ɗara na farko da wajen jikka 200 a wata, kuma an ce akwai tikitin GP, wato tikitin rangwame na ma'aikata. Mahaifiyata da matata da yara suna Tawa. Tunanina shi ne in ɗauki na Lome, duk hutun da na samu in taho gida. Shin mai yiwuwa ne, ko kuwa ina yaudarar kaina?

Hajiya Shef Kabin:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka. Ajiye maganar albashi tukuna, ɗauko takarda ka lissafa kwanan gida.

A ce pilanin, wato jadawalin aiki, ya ba ka hutun kwana 3 a jere, wanda a wannan aikin hutu ne mai kyau. Ranar farko ka tashi daga Lome. In jirgin kai tsaye ne, wajen awa ɗaya da rabi ne zuwa Yamai; in zai ratsa ta wani gari, ƙara a kai. Ka kuma tuna agogon Nijar ya riga na Togo da awa ɗaya, to ka yi asarar awa tun kana sama. Ka sauka filin jirgin Diori Hamani na Yamai, motocin Tawa sun riga sun tafi, domin galibinsu da asuba suke tashi. Sai ka kwana Yamai. Rana ta biyu ka shiga kar, wato babbar motar fasinja: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, sannan Tawa, wajen kilomita 550, yini guda ke nan in ka haɗa da tsaye-tsayen hanya. Ka isa da la'asar, ka gaida tsohuwa, ka kwana. Rana ta uku da asuba ka juyo, ka iso Yamai bayan jirgin ranar ya tashi ko kuma babu jirgi ranar gaba ɗaya. Rana ta huɗu ana jiranka a Lome cikin kakin aiki, kai kuwa kana Yamai.

Ka ga ke nan hutun kwana 3 bai kai ka Tawa ya maido ka ba. Kwana 5 kake buƙata kafin ka samu dare biyu a ɗakinka, kuma sabon ɗauka ba kasafai yake samun kwana 5 a jere ba, don tsofaffin ma'aikata ne ke fara zaɓen ranakun hutu. Filin jirgin Tawa yana nan, amma ba shi da jirgin fasinja na kullum da mutum zai ɗora aikinsa a kai, kar ka sa shi cikin lissafi.

Abin da nake so ka lura shi ne, matsalarka ba Lome ba ce, Tawa ce. Ko baz ɗin Yamai ka ɗauka, yini biyu na kowane hutu hanya za ta ci. Bambancin kawai shi ne daga Yamai tafiyar tana hannunka: ka yanki tikitin kar ka samu kujera. Daga Lome kuwa sai jirgi ya rage maka wuri.

Malam na Operasiyo:

Hajiya ta gama maganar kwanaki. Bari in ƙara abin da ake gani daga ofishin tsara tashin jirage.

GP ba kujera ba ce, izinin jira ne. Sai an rufe rajistar fasinjoji, in wuri ya saura a ba ka, kuma a cikin masu jiran ma akwai sahu: ma'aikacin da kamfani ya tura aiki shi ne gaba, sai waɗanda suka riga ka shiga kamfani, sannan kai. Harajin filin jirgi kuma kai za ka biya, zuwa da dawowa, ba ya cikin rangwamen. Sannan wani abu da sabbin ma'aikata ba su cika sani ba: za ka iya ganin kujeru babu kowa a ce maka babu wuri. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40, iska ta yi sakayau, nauyin da jirgi zai iya tashi da shi ya ragu, musamman ƙananan jirage. In kuma ana hasashen hadari ko hazo a inda za a sauka, kaftin zai ƙara mai, man nan kuwa nauyi ne. Wanda ake fara saukewa shi ne mai GP. In jirgin yana yada zango a wani gari, ana iya sauke ka can in masu cikakken tikiti suka cika shi. Lokacin babbar salla, da umarar azumi, da ƙarshen Disamba, ka ɗauka babu GP kawai.

Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana rage gani har a jinkirta jirgi ko a karkatar da shi. Da damina kuma guguwar gaban ruwa ce. Shi ya sa masu yin wannan zirga-zirgar suke da ƙa'ida: ka bar wa kanka jirgi biyu kafin lokacin da za ka kama aiki, in na farko ya kuɓuce akwai na biyu. Tsakanin Yamai da Lome jiragen ba su da yawa, to jirgi biyu yana nufin kwana ɗaya ko biyu daga hutunka.

Sai ranakun rezerb, na jiran kira. Sabon PNC yana shan su da yawa. Ranar rezerb ba hutu ba ce: wayarka a kunne, jaka a shirye, in an kira ka za ka bayyana a filin jirgi cikin lokacin da kamfani ya yanka, galibi awa ɗaya zuwa biyu. Ba a yin rezerb daga Yamai in baz ɗinka Lome. Wanda aka kira bai zo ba, an rubuta masa rashin zuwa, kuma a watannin gwaji guda ɗaya yana iya isa a sallami mutum.

Maganar gajiya ita ce ta fi damuna. Dokar Turai, wadda ake yawan yin misali da ita, ta ce hutu a baz kada ya gaza awa 12 ko tsawon aikin da ya gabata in ya fi haka, aiki kada ya wuce awa 60 a kwana 7, tashi kada ya wuce awa 100 a kwana 28. Kowace ƙasa tana da nata adadin, ka nemi na ƙasar da kamfanin yake. Amma a ko'ina, tafiyarka daga gida zuwa baz ba a lissafa ta cikin aiki, cikin hutunka take. In kamfani ne ya tura ka wani gari a matsayin fasinja don ka kama jirgi can, wannan aiki ne, ana rubuta shi. In kai ka zaɓi zama nesa, a takarda ka huta, ko da a kujerar kar ka yini. Turawan ma sun ba da shawarar cewa wanda tafiyarsa zuwa baz ta wuce minti 90 ya nemi masauki kusa. A Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ƙirar Q400 ya faɗi kusa da Buffalo a Amurka, mutum 50 suka rasu. Binciken ya ɗora laifin a kan yadda aka sarrafa jirgin, amma ya kuma gano cewa mataimakiyar matuƙin ta kwana a hanya daga Seattle zuwa baz ɗinta a Newark kafin ta kama aiki, kuma tun daga nan hukumomi suka ƙara sa ido kan masu zama nesa da baz.

Ƙaramin abu: pilanin da lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ake yawan rubuta shi. A Lome daidai yake da agogon gari, a Yamai sai ka ƙara awa ɗaya. Mutane suna makara a kan wannan.

Kaftin Zongo:

Ɗan Adar, kar ka fahimci maganarsu a kan cewa ka bar na Lome. Abin da suka kashe shi ne shirin zuwa Tawa kowane hutu, taura biyu ba ta taunuwa. Amma a ganina, ga matashi, aikin da ya fi faɗi shi ya kamata a duba da kyau. Lome matattara ce: kamfanin jirage na ASKY ya fara tashi daga can a 2010 da haɗin gwiwar Ethiopian, Abijan kuma tana da Air Côte d'Ivoire tun 2012. Wanda ya yi aiki a irin waɗannan garuruwan yana samun horo a kan manyan jirage da hanyoyin ƙasa da ƙasa, abin da ke buɗe ƙofa gaba. Kamfanin da ke da jirgi ɗaya ko biyu, duk ranar da jirgi ya shiga babban gyara tashi ya tsaya, kuɗin awannin tashi da na kwanan waje su tsaya da shi. Saboda haka kar ka gwada jimillar da aka faɗa maka da baki. Ka tambayi kowannensu nawa ne tsayayyen albashi, nawa ne ke rataye da tashi.

In ka zaɓi Lome, ka koma can da zama, bayan watannin gwaji ka ɗauko iyali. Filin jirginsu cikin gari yake, ba kamar na Dakar ba da aka mayar Diass a 2017, kilomita kusan 50 daga birni. Akwai Hausawa da yawa a Agoè-Zongo, matarka ba za ta rasa ƴan uwa da masallaci ba, sai dai ka gwada hanyar zuwa filin jirgi da ƙarfe 7 na safe kafin ka biya kuɗin haya, kar ka gwada ta ranar Lahadi. Kuɗi ɗaya ne, sefa, babu asarar canji wajen aika wa tsohuwa. Daga jikka 200 ɗin nan cire haya, wuta da ruwa, taksin asuba, harajin GP da kuɗin kar. In gida biyu kake riƙewa, abin da zai saura ba zai burge ka ba. In gida ɗaya ne, ƙarin ya zama naka.

Kafin ka sa hannu, karanta waɗannan a kwantiragi, kar ka yarda da "za mu duba". An rubuta sunan baz, ko an ce kamfani yana iya mayar da kai duk inda ya so? In suna iya mayarwa, sanarwar kwana nawa, kuma wa zai biya ɗaukar kaya? GP daga yaushe yake farawa, don wasu sai bayan gwaji, kuma ya haɗa da mata da yara da mahaifiya? In sun biya maka horon nau'in jirgi, shekara nawa suka ɗaure ka, nawa za ka mayar in ka tafi kafin lokaci? Takardar PNC ɗinka da ta likita, hukumar sufurin sama ta Togo za ta amince da su ko sai an sake, kuma aljihun wa? Kuɗin fansho, asusun CNSS na Togo za su shiga, to ka riƙa adana takardun albashinka duka. Takardar zama ma ka tambaya wa zai yi ta: Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025 ko da yake tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu kuɗin sefa, gara kamfani ya rubuta cewa shi zai ɗauki nauyin takardun.

Ka kuma tuna Agustan 2023: an rufe sararin samaniyar Nijar ranar 6 ga wata, ba a buɗe ba sai 4 ga Satumba, wasu kamfanonin yankin ma sun ƙara ɗaukar lokaci kafin su dawo. Wanda aikinsa ke wata ƙasa iyalinsa na wata, irin wannan ne ke raba shi da su ba shiri.

Ɗan Adar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Matata za ta iya bina, amma tsohuwa ba za ta bar Tawa ba ko da me. Ana iya tara ranakun hutu wuri ɗaya don in riƙa zuwa ganinta?

Hajiya Shef Kabin:

Ana iyawa, ta hanya biyu. Ko ka shigar da buƙata kafin a fitar da pilanin na wata mai zuwa, kowane kamfani yana da ranar rufe karɓa, ko ka yi musaya da abokin aiki mai matsayi irin naka a kan jirgi iri ɗaya, ofishin pilanin ya sa hannu bayan ya duba cewa hutun kowa bai taɓu ba. Ba duka za a tara maka ba, don doka ta tilasta dogon hutu tsakanin jerin ranakun aiki. Ka sa ran zuwa Tawa sau ɗaya a wata biyu ko uku, ka raba hutun shekara gida biyu in sun yarda. Zuwa ka yi GP, dawowa ka yanki cikakken tikiti, ka iso Yamai kwana ɗaya kafin tashinsa. Ranar da za ka koma wurin kamfanin Lome, ka roƙi su nuna maka pilanin na wani sabon ɗauka na wata uku da suka wuce, a rufe sunan, ka ƙirga sau nawa ya samu kwana 5 a jere.