Maigidana ɗan Najeriya ne, ya nemi nasiyonaliten Nijar ko ya bari?

Maman Nafisa, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema ga waɗanda sunka san doka ko sunka taɓa bin wannan hanya. Ni ƴar Tawa ce, nan aka haife ni nan nake aiki, maigidana kuma mutumin jihar Sakkwato ne, iyayensa na can wajen Gwadabawa har yanzu. Ya fi shekara goma yana zaune nan, yana da butik na kayan gyaran moto a kasuwa, yana biyan fatanti kamar kowa, ɗiyanmu duka nan anka haife su. Amma takardun da ke hannunsa duk na Najeriya ne, fasfo da NIN da kart konsiler.

Da can wallahi ba mu taɓa kawo zancen a ranmu ba, tunda Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ce ta haɗa mu. To tun da ƙasarmu ta fita a watan Janairun 2025, ga kontrol ya yi yawa a bariyer, duk ranar da ya kama hanyar Ƙonni don saro kaya hankalina ba ya kwanciya sai ya dawo. Na ce masa ya nemi nasiyonalite ya ƙi ba ni amsa. Abu biyu ke damunsa, yana tsoron ya rasa ta Najeriya, ga gonar gado ga asusun banki, sannan yana ganin Babansa zai ɗauka ya bar gida ya bi mace, kuma na lura wannan na biyun shi ya fi yi masa nauyi.

Tambayata, mace tana iya ba mijinta nasiyonalite a Nijar? Don wata abokiyar aikina ta ce namiji kaɗai ke ba matarsa. In ya karɓa ta Najeriya ta faɗi? Yara fa ina matsayinsu?

Tsohon Girefiye, Yamai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Abokiyar aikinki tsohuwar doka ta riƙe, kuma ba ita kaɗai ba ce, mutane da yawa har cikin ma'aikata ba su san an canza ba. Dokar nasiyonalite tamu ta asali ita ce ordonans 84-33 ta 23 ga Agustan 1984, a cikinta gaskiya ne namiji ke da komai. A 1999 aka gyara aka ce uwa ƴar Nijar tana ba ɗiyanta nasiyonalite daidai da uba. Sai kuma doka mai lamba 2014-60 ta 5 ga Nuwamban 2014, ita ce ta kawo abu biyu da suka shafe ki: mace tana iya ba mijinta baƙo, kuma ɗan Nijar yana iya riƙe nasiyonalite biyu.

Amma ki sani ba a ranar ɗaurin aure ake samu ba, nema ake yi, kuma da dekre ake bayarwa. Sharuɗɗan, auren ya zama na doka kuma ya kai aƙalla shekara 3 lokacin da aka ajiye dosiye, ana tare ba a rabu ba, yana zaune a Nijar zama na ƙa'ida aƙalla shekara 3, mai halin kirki ne ba shi da hannu a fashi ko ta'addanci ko safarar ƙwaya, yana da abin da yake ci da iyalinsa, kuma ya shiga cikin jama'a. Mutumin da ke jin Hausa, yana da butik, yana sallah a masallacin unguwa, wannan na ƙarshen ba zai ba shi wahala ba. Wanda ba aure ya kawo shi ba shekara 10 ake neman ya zauna, kin ga ta wajenki hanyar ta fi kusa.

Ta ɓangaren Najeriya kuma, tsarin mulkinsu na 1999 sashe na 28 ya bar wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa ya ƙara wata ƙasa ba tare da tasa ta faɗi ba. Wanda ke rasawa shi ne wanda dama nema ya yi aka ba shi. Maigidanki haifaffen Gwadabawa ne iyaye da kakanni, babu abin da zai taɓa fasfonsa ko BVN ɗinsa na banki ko gadonsa.

Yara kuwa kada ma ki haɗa zancensu da nasa. Ƴan Nijar ne ta wajenki, ƴan Najeriya ne ta wajen ubansu ko da a waje aka haife su. Ki ɗauki akt do nesans ɗinsu da naki da sartifikan nasiyonalitenki ki je tiribinal a yi musu nasu tun yanzu, kada ki bari sai an zo konkur ko dosiyen burs na ANAB, hukumar tallafin ɗalibai, a fara gudu ana neman tambur.

Tambaya ɗaya gare ki, aurenku an rubuta shi a meri? Don yawancin dosiye a nan suke makalewa.

Ɗan Ƙonni 227

Ni dai a ganina Maman Nafisa ki bar bawan Allah ya huta. Mu nan Ƙonni rabin gidajenmu haka suke, uwa daga Illela uba daga nan ko akasin haka, wa ya taɓa zuwa Yamai neman dekre? Shehu Usmanu kansa a Marata aka haife shi, nan cikin jihar Tawa kusa da Galmi, ya je ya kafa daula a Sakkwato, to shi ɗan ina ne? Layin nan Faransa da Ingila suka ja shi, ba mu ba. Kuma shugabannin AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, da bakinsu suka ce ƴan ƙasashen Sedeyawo su shigo ba biza. Ya gyara kart konsiler ɗinsa da takardar zama shi ke nan. Dosiye irin wannan sai ka yi ta bi kana kashe jikkuna a mota da fotokopi da legalizasiyo, mai butik ina yake da wannan lokacin. Kuma namiji in ya ce miki Babansa ba zai ji daɗi ba to magana ce babba, kada takarda ta jawo miki baƙin jini a wajen surukai.

Alhaji na Bukoki

Ɗan Ƙonni ɗana, zancen zumunci da ka yi gaskiya ne, ba mai gardama. Amma ni na girme ka, bari in gaya maka abin da idona ya gani. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Najeriya. Mutane sun fi ji da ƴan Gana don su sunka fi yawa, amma namu ma sun kwaso kaya sun dawo, waɗansu da mata ƴan can da ɗiya, waɗansu sunka baro su. Hausa guda suke yi da maƙwabtansu, masallaci guda, ba ta hana ba. Kafin nan Gana ta yi ma baƙi haka a 1969 zamanin Busia, kuma kada mu ce mu ba mu taɓa yi ba, a ƙarshen 1963 da rigimar tsibirin Lete ta tashi Nijar ta kori ƴan Dahome, cikinsu har da ma'aikatan da sunka daɗe nan. Sannan ga rufe iyaka, na 1984 wanda har yunwar waccan shekara anka sa ma suna El Buhari, ga na 2019, ga na bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da sai Maris 2024 anka buɗe.

Duk waɗannan ba talaka ya shirya su ba, kuma ba a yi shawara da shi ba. Abin da shugabanni sunka faɗi na shiga ba biza alheri ne, Allah ya dawwamar, amma sanarwa ce, wadda ta yi ta tana iya canza ta gobe. Ko a farkon 2025 an fito da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi a ƙasar nan wadda ta ƙara tsanani. Mutumin da dukiyarsa da iyalinsa da ƙarfinsa duk suna Tawa bai kamata zamansa ya rataya ga yadda Yamai da Abuja sunka kwana ba. Tun ran gini tun ran zane.

Ɗiyata, tunda doka ta ce ba ya rasa komai, ni ina bayan ya nema.

Hajiya Ƴar Katsina, Wadata

Ƴar uwa ni abin ya shafe ni kai tsaye, Bakatsiniya ce aure ya kawo ni Yamai, kuma na bi hanyar nan bayan dokar 2014, yau ina riƙe da biyun. Abin da nake so in ce miki ba na doka ba ne, Malam Girefiye ya gama wannan.

Wanda bai taɓa zama baƙo ba ba zai gane nauyin abin ba. Ranar da za ka sa hannu kana neman wata ƙasa sai ka ji kamar ka ce wa iyayenka ba za ka dawo ba, ko da kuwa ka san a zuciyarka dama ba dawowar za ka yi ba. Ni mace ce an san mace gidan miji take, amma sai da na yi kuka. To ina ga namiji, wanda a gida ake ce masa yana can neman kuɗi zai dawo. Saboda haka kada ki riƙa tada zancen kullum, kuma kada ki tada shi a ranar da ya dawo daga hanya a gajiye an tsare shi a bariyer, a lokacin zai ji kamar gori ne. Kuma kada maganar ta isa kunnen Baba daga bakinki ko ta wajen danginki. Ya samu baffansa ko wani yayansa da Baba ke jin maganarsa, a nuna masa cewa ƙari ne ba canji ba, fasfon Najeriya na nan, sunansa na cikin masu gado, in ya so ya je Hajji ta NAHCON, hukumar alhazan Najeriya, da mutanen garinsu ya je, in ya so ta COHO, ta alhazan Nijar, ya bi. Tsofaffi abin da suke tsoro shi ne a ce ɗansu ya fita daga lissafin gida.

Abu na biyu, ku zauna ku jera takardunsa duka ku duba suna da ranar haihuwa. Mu can ana rubuta Muhammad, nan a rubuta Mahamadou, can Abubakar nan Boubacar, wani NIN ɗinsa shekara daban fasfo daban. Harafi ɗaya sai ya mayar da dosiye baya. A bi yadda yake a fasfo a ko'ina, har a takardar aurenku da ta yara.

Na uku kuma ina roƙonki da Allah, za a samu masu ce muku me ya kai ku wannan doguwar hanya, a kawo shaidu biyu a ce a wani ƙauye na nan aka haife shi a yi masa jujuma, wato hukuncin kotu, ya zama ɗan ƙasa ta haihuwa cikin sati. Kada ku yarda. Shaidar zur ce, kuma ranar da aka tono ba shi kaɗai zai shafa ba, takardun yaran da suke da haƙƙinsu tsaf ta wajenki su ma sai an fara yi musu kallon zargi.

Abin da ke ba ni takaici ma shi ne a can wajenmu har yanzu sashe na 26 na tsarin mulki mace baƙuwa da ta auri ɗan Najeriya kaɗai ya ambata, ƴar Najeriya ba ta iya yi wa mijinta rajista ta hanyar aure. A nan Nijar ta riga mu.

Maman Nafisa, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka ma kowa da alheri. Baba Alhaji na karanta masa abin da ka rubuta, ya yi shiru sannan ya ce kawunsa na cikin waɗanda sunka rasa abokan ciniki a 1983. Hajiya zan bi shawararki in bar zancen Baba a hannunsa. Ɗan Ƙonni na ji naka kuma ba zan matsa masa ba, in ya ce a'a to a'a ce, amma na yara zan fara cikin satin nan insha Allah.

Malam Girefiye ka taɓo inda yake, aurenmu a ƙofar gidanmu anka ɗaura shi da liman da goro, ba mu taɓa zuwa meri ba. Yanzu in mun yi takardar, shekara 3 ɗin daga yau za a fara ƙirga?

Tsohon Girefiye, Yamai

Tunda wa'adin bayyanawa a meri ya wuce tuni, ta tiribinal za ku bi a yi muku jujuman aure, daga nan a kai meri a rubuta a ba ku akt. Jujuman yana ɗauke da ranar da aka ɗaura auren ne da wurin, shi ya sa shaidun da za ku kai su zama waɗanda suka halarta da gaske, waliyyinki in yana raye da wakilinsa da ya karɓi auren, kowa da katinsa. Ku tafi da akt do nesans na babbar ɗiyarku, shekarunta kaɗai sun nuna tun yaushe kuke tare. Wannan takardar ku yi ta ko ya nemi nasiyonalite ko bai nema ba, don za ki buƙace ta a wajen aikinki da zancen gado. In kun karɓo, ku tambayi girefiyen tiribinal ɗin Tawa jerin takardun da ake haɗawa a dosiyen kafin ya fara neman kaziye, takardar shaidar rashin laifi, da sartifikan zama, don kaziye wata 3 kaɗai yake yi ya mutu.