Me ya sa hotunan Doisneau da na Cartier-Bresson suka bambanta?

Ɗan Koyo: Salamu alaikum malamai. Ina tambaya kan masu ɗaukar hoton nan biyu na Faransa. Yawancin tsofaffin hotunan Robert Doisneau murabba'i ne, na Henri Cartier-Bresson kuwa masu faɗi. Kyamara ce ta jawo haka?

Mai Ɗakin Wankin Hoto: Wa alaikumus salam. Kyamara ce, ƙanena. Doisneau ya daɗe yana aiki da Rolleiflex: fim mai lamba 120, hoto 12 kacal a naɗi ɗaya, kowanne murabba'i. A ƙirji ake rataye ta, a sunkuya a duba gilashin sama, shi ya sa mutanen titunan Paris ba sa jin an ƙura musu ido. Sai dai dama tana komawa hagu a gilashin, sabon hannu yakan karkata ta baibai, mai tafiya ya kuɓuce masa.

Tsohon Hannu: Cartier-Bresson kuwa ƙaramar kyamarar Leica ya riƙe tun 1932, hoto 36 masu faɗi a naɗi ɗaya, lens (gilashin idon kyamara) na milimita 50. Yakan manna baƙin tef kan ƙarfenta mai ƙyalli, ba ya kunna filasha, kuma ba ya son a datse gefen hotonsa. A 1947 suka kafa Magnum, ƙungiyar masu ɗaukar hoto, da su Robert Capa, don haƙƙin hoto ya zauna hannun mai ɗauka. Ita wannan ƙaramar kyamara ya kai Indiya da Sin.

Mai Ɗakin Wankin Hoto: Doisneau bai cika yawo ba. Kamfanin motoci na Renault ma, inda ya yi aikin ɗaukar hoto, korarsa suka yi a 1939 saboda yawan makara.