Makin da kwamfuta ke ba iyali: me yake aunawa, kuma wa ke da ikon ƙin sa?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san aikin jin daɗin jama'a ce. Ana cewa a wasu ƙasashe, in aka buga wa ofishin kare yara waya cewa ana gallaza wa yaro a wani gida, kwamfuta ce ke fitar da maki, da makin ake duba ko za a tura ma'aikaci ko a rufe maganar. Haka tallafin kuɗi, wai lissafin na'ura ke tace wanda ya cancanta. To daga ina makin ke fitowa, tunda kwamfutar ba ta shiga gidan ba, ba ta ga yaron ba? In ma'aikaciyar da ta goge ta ga abin ba haka yake ba, tana da ikon ƙi? Sannan rijistar masu ƙaramin ƙarfi da ake yi a Najeriya, jirgi ɗaya ne ya ɗauko su ko daban take? Don Allah a warware min dalla-dalla, ban da amsar nan ta "komai yana da amfani da illa".

Malam Sabo:

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Misalin da aka fi bincika shi ne na gundumar Allegheny, inda birnin Pittsburgh yake, a jihar Pennsylvania ta Amurka. Manhajarsu ana kiranta AFST, ta fara aiki a watan Agusta 2016. Masu bincike biyu ne suka jagoranci gina ta, Rhema Vaithianathan da Emily Putnam-Hornstein.

Ga yadda take. Tun 1999 gundumar ke da rumbun bayanai guda da ya haɗa takardun ofisoshinta: kare yara, gidan yari, kotun yara, tallafin abinci da na kuɗi, kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye a ƙarƙashin inshorar gwamnati. Kira ya shigo, mai karɓar waya ya shigar da sunayen duk waɗanda ƙorafin ya shafa, yaron, 'yan'uwansa, iyaye, da wanda ake zargi. Manhajar ta zaƙulo tarihin kowannensu, abubuwa sama da 100, ta fitar da lamba daga 1 zuwa 20. Lambar jeri ce. Mai 20 yana cikin kashi 5 cikin 100 na sama idan aka jera shi da sauran, ba wai tabbas za a cutar da shi ba.

Inda ya kamata ki tsaya ki duba shi ne abin da aka koya mata ta hango. Babu wani rumbu a duniya da ke da layin da aka rubuta "an cutar da yaro" ga kowane yaro, domin yawancin cutarwa ba ta kai ga takarda. Sai aka nemi madadi. A sigar farko abu biyu take hasashe: ko za a sake kawo ƙorafi kan yaron cikin shekara 2, da ko hukuma za ta ɗauke shi daga gidan cikin shekara 2. A 2018 suka ajiye na farkon, saboda sake kira ya fi nuna halin masu kira, maƙwabta da malaman makaranta da tsohon miji mai jin haushi, fiye da halin gidan. Wanda ya rage kuwa, ɗauke yaro, hukuncin hukumar ne da alƙalanta. Ke nan makin yana cewa: "Gidaje masu irin wannan tarihin, a baya mun saba ɗauke musu yara." In a baya an fi matsa wa wata unguwa, manhajar za ta koyi hakan, ta mayar da shi lamba.

Matsala ta biyu, rumbun na gwamnati ne. Uwar da ta nemi maganin shaye-shaye a asibitin gwamnati tana ciki. Wadda ta biya likita mai zaman kansa ba ta ciki. Ciwon ɗaya, amma ɗaya ce kawai ta bar sawu. Har ta kai neman taimako da kansa na iya ɗaga maki. Kan irin wannan ne, musamman iyaye masu buƙata ta musamman, aka ruwaito a farkon 2023 cewa Ma'aikatar Shari'ar Amurka na duba manhajar. Jihar Oregon, wadda ta kwaikwayi tsarin, ta daina amfani da nata a 2022.

Batun ƙi kuma, akwai shi. Mafi girman maki yana sa a tura bincike kai tsaye, amma shugaban sashe yana iya sokewa, sai dai ya rubuta dalili. Kuma makin a ɗakin karɓar waya yake tsayawa. Wanda zai je gidan ba a nuna masa, don kada ya shiga da hukuncinsa a aljihu.

Hajiya Talatu:

Malam Sabo ya yi bayani, amma kada a fita da tunanin cewa kafin kwamfutar komai lafiya lau yake. Da masu ginin suka koma kan ƙorafe-ƙorafen gundumar na 2010 zuwa 2014, sun ga ma'aikata suna tura bincike kan kashi 48 cikin 100 na gidajen da haɗarinsu ya fi ƙanƙanta, suna kuma rufe kashi 27 cikin 100 na waɗanda haɗarinsu ya fi girma. Mai karɓar waya ba shi da lokacin buɗe fayil goma kan mutum shida. Manhajar tana yi cikin daƙiƙu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke cin mutane shi ne lissafin abin da ba kasafai yake faruwa ba. Bari in ƙirƙiri lambobi don a gani. A ce kira 1,000 ne, 100 ne ke cikin haɗari na gaske. Manhajar tana kama 70 daga cikin 100 ɗin, tana kuma kuskuren ɗaga kashi 20 cikin 100 na sauran 900, wato 180. Jimillar waɗanda ta ɗaga 250, na gaskiya 70 kacal. Duk ƙofa huɗu da aka ƙwanƙwasa, kusan uku na marasa laifi ne, ga kuma yara 30 da ta bari a baya da ƙaramin maki, wanda shi ne ya fi ban tsoro, don ƙaramin maki yana sa hankali ya kwanta. In an sauke layin yanka don a kama 30 ɗin, 180 ta kumbura. In an ɗaga shi, 30 ta ƙaru. Inda za a ja layin ba aikin mai rubuta manhaja ba ne, shawara ce ta hukuma, bisa yawan ma'aikatanta da abin da za ta iya ɗauka.

A Ingila an gwada a 2020. Cibiyar What Works for Children's Social Care ta gina irin waɗannan manhajoji da bayanan ƙananan hukumomi huɗu. Sakamakon: suna rasa yara 4 cikin 5 da ke cikin haɗari, kuma in sun ɗaga yaro, sau 6 cikin 10 kuskure ne.

Kan tambayarki ta biyu, akwai abin da ya faru a Allegheny ɗin da ya fi kowace muhawara. An samu wata tangarɗa da ta sa na wani lokaci wasu makin ke fitowa ba daidai ba, ma'aikata ba su sani ba. Da aka bincika daga baya, sai aka ga sun fi ƙin bin makin a wuraren da ya yi kuskure, saboda suna karanta bayanin kiran da kansu. Wani binciken na jami'ar Carnegie Mellon ya nuna cewa da makin kaɗai aka bi, tazarar da ke tsakanin yaran baƙar fata da na farar fata wajen tura bincike da ta fi yadda ma'aikata suka yanke faɗi. Shi ya sa hukumar da ke auna ma'aikaci da "sau nawa ka saɓa wa maki" take sare reshen da take kai.

Maman Hanifa:

Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Lissafin 250 ɗin nan ya zauna min. Saura tamu ta gida.

Baban Khalil:

Tamu ba ta hasashen cutar da yara, talauci take ƙiyastawa, amma dangin juna ne. NASSCO, ofishin gwamnatin tarayya mai daidaita shirye-shiryen tallafi, ke kula da rijistar, kuma hawa uku ake bi. Na farko a zaɓi ƙananan hukumomi da garuruwa bisa taswirar talauci. Na biyu mutanen gari su zauna rukuni-rukuni, maza, mata, matasa, su faɗi me ake kira talauci a wurinsu, su lissafo gidaje, a haɗa jerin. Na uku masu ɗaukar bayanai su bi gidajen da waya ko kwamfutar hannu. A nan lissafin ƙiyasta talaucin gida da ake kira PMT yake shigowa.

Tunda manomi ko mai sana'ar hannu ba shi da takardar albashi, sai a tambayi abin da ido ke gani: rufin ɗaki, daɓe, inda ake ɗebo ruwa, irin banɗaki, yawan mutanen gida, karatun maigida, kadarori kamar babur da rediyo da dabbobi. Kowane yana da nauyi, an ciro nauyin daga babban binciken gidaje inda aka auna abin da mutane ke kashewa da gaske. A tara, a jera gidaje daga ƙasa zuwa sama. Da irin wannan jerin aka riƙa biyan naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000.

Ga inda yake zamewa. Irin wannan lissafin yana jan kowa zuwa tsakiya, sai ya ɗauki mafi talauci kamar ya ɗan fi yadda yake. Binciken da Brown da Ravallion da van de Walle suka yi kan ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya da Nijar, ya nuna PMT ya iya tace masu hali, amma yana zubar da talakawa da yawa. Sannan kadara ba ta motsi da sauri kamar yunwa. Bazawarar da mijinta ya rasu bara tana nan ƙarƙashin rufin kwano da daɓen siminti da ya bari, tukunya kuwa sai an yi sa'a take hawa murhu. A fom, gidanta ya fi na maƙwabcinta mai ɗakin jinka da rumbu biyu cike da gero.

Sai ma'anar "gida". Babban gida mai sassa biyar, wasu na gandu, wasu kowa da tukunyarsa: mai ɗaukar bayani ɗaya zai rubuta gida guda mai mutum 30, wani ya rubuta biyar, makin ya bambanta ƙwarai. Dole a tsayar da ƙa'ida, masu ci daga tukunya ɗaya, a horar da kowa a kai. Yaron da aka tura almajiranci, a gidan ubansa za a ƙirga shi ko wurin malaminsa? In ba a faɗa ba, yana iya faɗuwa ta tsakiya. Gidan da ba a shiga kuma, in namiji aka tura, a zaure zai tsaya ya rubuta abin da maigida ya faɗa, ba zai ga ɗakin uwargida ba balle na amarya. Tawagar da ba mace a ciki rabin bayani take kawowa. Lokaci ma yana da tasiri: gidan da aka ziyarta da kaka ba shi ne gidan ba a watan Agusta.

Na ƙarshe, tun da aka ɗaura biya da lambar NIN da asusu, wani tacewar ya ƙaru wanda ba ruwansa da talauci. Muhammadu a rijista, Mohammed a banki, ko ranar haihuwa ta bambanta, na'ura ta ce ba mutum ɗaya ba ne. Layin wayar kuma na miji ne ko na ɗa, saƙon ya tafi can.

Yaya Asabe:

Ƙari kaɗan kan abin da ke faruwa in an cire mutum daga tsakiya baki ɗaya. A Ostireliya, tsarin bin masu karɓar tallafi bashi da aka yi wa laƙabi da Robodebt ya riƙa ɗaukar kuɗin shigar mutum na shekara daga ofishin haraji ya raba gida 26, wato mako bibbiyu. A ce wani ya samu dala 13,000 a wata shida, sauran wata shidan ba aiki, yana karɓar tallafi bisa ƙa'ida. Rabawar za ta nuna yana samun 500 kowane mako biyu duk shekara, sai a aiko masa da bashi, a ce shi zai kawo hujjar ba a binsa. A 2020 gwamnati ta amince ta mayar da dalar Ostireliya miliyan 721 kan basussuka 470,000. A Holan, hukumar haraji ta sa zama ɗan ƙasa biyu cikin alamun zamba a tallafin renon yara, aka tuhumi iyaye kusan 26,000, gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairu 2021.

Don haka duk ofishin da aka kawo wa irin wannan manhaja, ko da kyauta ce, ya nemi amsa a rubuce: me take hasashe takamaimai, da bayanan wace shekara da wane yanki aka koya mata, cikin 100 da ta ɗaga nawa ne na gaske, kuma a rarrabe amsar tsakanin maza da mata, birni da ƙauye. Ma'aikaci ya rubuta nasa ra'ayin kafin ya buɗe maki. Duk wata uku a ɗebo fayil 30 ko 50 daga masu ƙaramin maki, a bi su da ƙafa, don kuskuren da ke can ba ya kawo kansa. A buɗe hanyar koke da ba ta buƙatar waya ko iya karatu, mutum a zaune a rana sananniya, da wa'adin ba da amsa.

Fayil ɗin yara kuma ba a tura shi ta WhatsApp. Akwai Primero, manhajar ajiye fayilolin yara da UNICEF ke tallafawa, inda kowa ke ganin nasa fayilolin kawai. In da manhajar Kobo ake tattara bayanai, a kunna kulle bayanai, a sa lamba maimakon suna, takardar da ke haɗa lamba da suna ta zauna daban. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai, yana iya neman mutum ya sake dubawa, kuma in bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, awa 72 ake da ita a sanar da hukumar kare bayanai.

Malam Sabo:

Yaya Asabe, a ƙara ɗaya a jerin: ranar da aka ɗauki bayanin ta fito kusa da makin, da manyan baƙaƙe. Makin da aka lissafa da fom na shekara huɗu da suka wuce, kafin ambaliya ko gudun hijira, na wani gida ne da babu shi yanzu.