In'inar ɗana tana sauƙi a wajen atisaye, amma a aji tana nan

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara kan ɗana mai shekara 13. In'ina ta kama shi tun yana ɗan shekara 4. An ce mana yawancin yara kan warware da kansu, shi ya sa muka yi ta jira. Tasa dai ba ta tafi ba.

An gwada jinsa, kunne ƙalau. Yanzu yana zuwa wajen wata ƙwararriya mai gyaran magana. Ta koya masa ya riƙa sakin numfashi a hankali, ya ɗan ja sautin farko kafin ya shiga kalma. A gabanta magana na fita sumul. Waƙa ma yana rerawa ba gargada. Amma da zarar malami ya kira sunansa a aji, ko na miƙa masa waya, sai leɓɓansa su manne a kan "b" ko "m", ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi.

Abin da ya fi ci min rai, ya koma cewa "ban sani ba" alhali ya san amsar sarai. Tsarin gyaran in'ina na Ostireliya mai suna Lidcombe da na karanta kuwa na ƙananan yara ne, shi ya wuce nan.

Wace dabara ce ke sa abin da ya koya ya bi shi har aji? In roƙi malaminsa ya daina tambayarsa a gaban 'yan aji, ko hakan zai ƙara masa tsoro ne? Kuma idan ya maƙale, in ƙarasa masa kalmar ko in jira shi?